Fambel biyu a tsohuwar Land Cruiser: dalilin da ya sa sabo da tsoho ba sa zama tare

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah da ya gaji Land Cruiser samfurin 80, ƙirar 1993, mai injin gas 1HZ, daga mahaifinsa. Ya ce a hanyar Funtuwa ɗaya daga cikin fambel biyun da ke juya altaneta da fanka ya tsinke, sai wani bakanike na bakin titi ya sa masa sabo guda ɗaya kusa da tsohon. Tun daga ranar motar take ƙara da safe, in ya ɗaga bonet kuma sai ya ga ɗaya a miƙe, ɗaya yana rawa. Mai shago ya rantse masa cewa lambarsu ɗaya. Abin da yake son sani shi ne, dole ne sai an canza duka biyun, ko kuwa salon cin kuɗi ne na makanikai? Kuma yaya ake gane biyun da suka dace da juna?

Alhaji, Allah Ya jiƙan Baba, Ya bar maka motar da lafiya. A gajarce, a cire duka biyun, har da sabon da aka sa maka a hanya, a sa wasu biyu da aka yi su tare aka sayar da su tare. Mai shagon ma wataƙila bai yi rantsuwar ƙarya ba. Lambar tana iya zama ɗaya. Abin da bai gaya maka ba shi ne, lamba ɗaya ba ta tabbatar da tsawo ɗaya ko da duka sababbi ne, balle a ce ɗayan ya kwashe shekaru yana shan zafin inji.

Bari in fara da yadda fambel yake kama fuli, don a nan komai ya rataya. Ka yanka tsohon bel ka dubi bakin yankan, za ka ga sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Gurbin fuli ma haka yake, kusurwarsa tsakanin digiri 34 da 38. Bel da gefunansa biyu yake cizon bangon gurbin, kamar yadda ruwan gatari yake maƙalewa a tsagar itace, ana ƙara ja yana ƙara cijewa. Tsakanin cikinsa da gindin gurbin kuwa dole a sami sarari. Ranar da ya sauka ya taɓa ƙasa, cizo ya ƙare, sai santsi, ko da ka ɗaure shi kamar tsirkiyar baka. Can wajen sama a cikin robar akwai zaruruwa a jere, yawanci na foliyesta. Su ne suke ɗaukar nauyi, kuma tsawonsu shi ne ainihin tsawon bel ɗin. John Gates ne ya fito da wannan fasali a birnin Denver na Amurka a 1917, har yau kuma siffar ba ta sauya wani abin kirki ba.

To me ya sa aka sa biyu? Mutane da yawa suna ɗauka ɗayan safaya ne. Yana yin wannan amfanin in ta ɓaci, amma asalin dalilin nauyin aiki ne. A 1HZ, injin nan mai silinda shida da lita 4.2 da ya fito a 1990, su biyun ne suke tasowa daga fulin ƙasa na karanshaf su juya famfon ruwa da fankar da ke kansa, sannan altaneta. Fankar nan in kulocinta ya kama a zafin watan Afrilu, ba ƙaramin ƙarfi take ci ba. Altaneta mai amfiya 80, a misali, tana ba da wutar da ta ɗara kilowat ɗaya, abin da take karɓa daga bel kuwa ya kusa ninka haka, ga fulinta ƙarami, bel bai naɗe shi da yawa ba. Sai kuma halin injin gas, wanda ba ya juyawa sumul a silo. Fizga yake yi, kowane bugun fistin sai bel ya ji a jikinsa. Siririn bel guda ba zai jure wannan ba, mai kauri kuma ba zai lanƙwasu a ƙaramin fuli ba tare da ya ɗauki zafi ba. Shi ya sa aka raba kayan gida biyu. Ba Toyota kaɗai ta yi haka ba. Marsandi 300D mai turbo ta samfurin W123 tana da biyu a altaneta, masu V8 irin su 450SL suna da biyu a famfon sitiyari, kafin W124 ta zo da bel guda mai faɗi da layi-layi wanda sifirin yake ɗaure shi da kansa. A Hilux mai injin gas samfurin 2L ko 3L ma biyun ne, kuma a can famfon iskar birki a bayan altaneta yake, don haka in suka tafi duka, birki ma tauri zai yi.

Rabon kayan nan ba ya yiwuwa sai in su biyun daidai suke, domin altaneta ɗaya ce ake turawa a ɗaure su duka. Babu yadda za ka ɗaure kowanne da nasa. Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san zancen: ka haɗa dogon sa da gajere a karkiya ɗaya, ɗaya ne zai ja garmar, ɗayan rakiya kawai yake yi, wani lokaci ma ya zama ƙarin kaya.

Tsohon bel ɗinka ya bambanta da sabon ta fuska fiye da ɗaya. Zaruruwansa sun miƙe, ya ƙara tsawo. Robarsa ta yi tauri, fuskarta ta yi sheƙi, ba ta cizo kamar da. Sai kuma wanda mutane suka fi mantawa da shi, wato gefunansa sun cinye, ya rage faɗi. A gurbi mai digiri 38, in bel ya rasa milimita ɗaya a faɗi, zai nutse kusan milimita ɗaya da rabi. Nutsewar tana ƙara masa sakwarkwacewa, ita ce rawar da kake gani. Amma akwai abin da ya fi wannan muni. Ɗauki misali, fulin ƙasa milimita 150, na altaneta 70. Bel ɗin da ke zaune a inda ya kamata zai juya altaneta sau 2.14 a kowane juyin inji. Wanda ya nutse milimita ɗaya kacal yana gudu ne kamar a kan 148 da 68, wato sau 2.18. In inji yana juyi 2,000 a minti, ɗaya yana son altaneta ta yi kusan 4,290, ɗayan yana son ta yi 4,350. Altaneta kuwa gudu ɗaya za ta yi. Dole ɗaya ya riƙa zamewa, dare da rana, muddin inji na aiki. Zamewa tana kawo zafi, zafi yana cin roba. Ka shafa yatsa a fuskar altanetarka yanzu, na tabbata za ka ɗebo baƙin gari mai laushi kamar kwalli. Bel ɗinka ne ke nan yake narkewa a hankali.

In kuma aka ce a ƙara ɗauri har tsohon ya daina rawa, sabon ya wuce ƙa'ida ke nan, kuma boris ɗin famfon ruwa da na altaneta ne za su biya bashin. Kuɗin famfon ruwa guda zai sayi fambel da yawa.

Yanzu zancen lamba. A jikin bel na Turai za ka ga rubutu irin AVX 13 x 1000 La. Wannan misali ne don karatu, ba girman motarka nake ba ka ba. 13 faɗin sama ne a milimita, 1000 tsawo, X kuma tana nufin mai haƙora a ciki da gefe marar sutura. A tsofaffin littattafan Marsandi za ka ga 9.5 da 12.5, su ne dai 10 da 13 na yanzu. Haruffan ƙarshen nan su ne tarkon. La tsawo ne ta baya, Li ta ciki, Lw ko Ld kuma ta inda zaruruwa suke. Tsakanin La da Li akwai kusan milimita 50 a bel mai faɗin 10, da kusan 60 a mai faɗin 13. Ka ga ke nan bel biyu za su iya ɗaukar 1000 a jikinsu alhali tsakaninsu akwai faɗin yatsu uku. Na Amurka da inci suke lissafi, Dayco 15405 alal misali inci 40.5 ne. Sannan ga na masana'antu, masu A da B, irin wanda ake sa wa injin markaɗe da na niƙa. A40 yana nufin inci 40 ta ciki, faɗinsa 13, kaurinsa 8, alhali na mota mai faɗin 13 ya fi shi kauri. Zai shiga gurbin, har mota ta tashi, shi ya sa ake tura wa mutane shi. Amma zamansa a gurbi daban ne, kuma yawancinsu ba a yi su don zafin cikin bonet da gudun ƙaramin fuli ba. Ka haɗa shi da na mota a fuli ɗaya, ka dawo kan lissafin da na yi maka a sama.

Ko kamfani ɗaya, lamba ɗaya, akwai 'yan milimitocin da aka yarda bel ya ɗara ko ya gaza. A bel guda wannan ba komai ba ne, altaneta za ta matsa ta shanye bambancin. A biyu kuwa, in ɗaya ya faɗo a can ƙarshen tsawo, ɗayan a ƙarshen gajarta, an samu matsala tun kafin a tayar da inji. Saboda haka ne a da masu yin bel na masana'antu suke auna kowanne su buga masa wata ƙaramar lamba ta daban. 50 tana nufin daidai, 51 ya ɗara da kashi ɗaya cikin goma na inci, wato milimita biyu da rabi, 49 ya gaza da haka. Mai saye sai ya nemi masu lamba ɗaya. Daga baya wasu kamfanoni suka tsaurara aikinsu suka fito da alamar da ke cewa duk masu girma ɗaya za su zauna tare, Gates da V80, Optibelt da S=C, Continental da L=L. Wannan alkawarin a cikin kamfani ɗaya da samfuri ɗaya yake aiki. Bai haɗa Bando da Mitsuboshi ba, duk da cewa kowannensu kaya ne mai kyau.

Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ka je da lambar shasi ka nemi na Toyota. Lamba guda suke da ita, kuma su biyu ne a ɗaure a ƙarƙashinta. In mai shago ya kwance ɗaurin yana sayar da su ɗai-ɗai, ka san ya riga ya ɓata abin da kake biyan kuɗi dominsa. In ba a samu ba sai na wani kamfani, ga abin da nake dubawa in na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Irin waɗannan masu haƙoran, a kan ganga ake yin su kamar faffaɗan hannun riga, sannan a yayyanka su zobe-zobe. Biyun da aka yanko daga riga ɗaya, maƙwabtan juna, tsawonsu ɗaya ne. Ka jera su kafaɗa da kafaɗa ka dubi rubutun bayansu. Ƙananan lambobin da ke nuna zubin da aka yi su ciki su zama iri ɗaya, launin tawada ɗaya, wani lokaci har za ka ga harafin da wuƙa ta raba, rabi a wannan rabi a wancan. In ka samu haka, ka biya kawai. Ka kuma lanƙwasa kowanne ta baya ka duba tsakanin haƙoran. Wanda ya shekara a rataye a ƙusa rana na dukansa zai nuna ƙananan tsagu, ko ya riƙe lanƙwasar ƙusar ya ƙi sakewa. Sabo ne a suna kawai.

Kada ka yarda da awon da ake yi a ƙasa, a ɗora wannan kan wancan a ce ka gani, daidai suke. Bel ɗin da ba a ja shi ba ba ya faɗin gaskiya. Aƙalla ka rataya su biyun a bututun ƙarfe, ka zura wani bututun ta ƙasa ka taka da ƙafa, sannan ka danna kowanne da yatsa ka ji ko taurinsu ɗaya. A garejina tsofaffin fuli biyu masu gurbi bibbiyu na kafa a jikin katako, ɗaya yana matsawa da dogon noti. Duk bel ɗin da zai hau motar mutane sai ya fara hawa nan.

In sun riga sun hau mota kuma kana shakka, akwai gwajin alli. Ka cire makulli, giya a firi, ka ja layi guda ya ratsa bayan su biyun. Sai a sa dogon sifana a notin karanshaf a juya inji da hannu, ta inda yake juyawa, har layin ya zagayo sau uku ko huɗu. Injin gas yana da tauri, a bi shi a hankali. In tsawonsu da zamansu ɗaya ne, layin zai dawo kusan a haɗe. In akwai bambancin milimita uku, kowane zagaye sai ya ƙara raba su da ukun, a zagaye na huɗu tazarar ta wuce santimita. Kada ka yi gwajin da inji a kunne. Bel yana zagayawa ɗaruruwan sau a minti, ko na ƙwarai ne layin zai watse, ka zargi kayan da ba su da laifi.

Inda na fi son ka tsaya da kyau shi ne fuli, domin motar da ta haura shekara talatin, sau da yawa laifin ya tashi daga bel ya koma ƙarfe. Ƙurar hunturu da yashin hanya suna shiga tsakanin roba da bango suna gurza kamar sanfefa. Bangon da ya kamata ya zama a miƙe sai ya yi ƙwarya. Ka tura sabon bel cikin kowane gurbi da hannu. Ya kamata bayansa ya zo daidai da bakin fuli ko ya ɗan ɗago kaɗan, kuma, abin da ya fi muhimmanci a nan, ya zauna daidai wa daida a gurbin ciki da na waje. Ka haska tocila a gindin gurbin. In ka ga yana walƙiya kamar an goge cokali, bel yana taɓa ƙasa. Masu yin bel suna cewa in cin bangon ya kai kashi ɗaya cikin 32 na inci, wajen milimita 0.8, fulin ya gama. Motar da aka daɗe ana tuƙa ta da bel ɗaya, kamar yadda ake yawan yi, gurbi ɗaya ya cinye, ɗayan ya yi tsatsa. Ka sa mata biyun da suka fi kowane dacewa a duniya, ranar farko za su saɓa.

Na taɓa shan kunya a kan wannan. Wata 80 ce da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram, sau uku a 'yan watanni ina sa mata sababbi biyu, kullum na ciki ne yake tsinkewa, na waje yana nan garau. Har na je na yi wa mai sayar mini da kaya faɗa, na ce jabu yake ba ni. A karo na huɗu wani yarona, wanda bai fi shekara biyu da fara koyo ba, ya ce, Oga, in ana ɗaurewa kamar altanetar tana sunkuyawa. Na ɗora rular ƙarfe a fuskar fulin famfon ruwa zuwa na altaneta, sai ga rata a gefe ɗaya har tsinken ashana yana shiga. Ramin ƙafar altanetar, inda dogon noti yake ratsawa, ya cinye ya zama kamar ƙwai. Da zarar an ɗaure, sai gabanta ya karkato wajen inji, gurbin waje ya matso kusa, bel ɗin waje ya saki, na ciki ya ɗauki kayan duka shi kaɗai, a karkace kuma. Aka sa bushin a ramin, magana ta ƙare. Sai da na koma na ba mutumin nan haƙuri. Tun daga nan ba na sa bel biyu ban ɗora rula ba. Ka duba wannan musamman in an taɓa canza maka altaneta da 'yar Kwatano ta wata motar, don sau da yawa fulinta yana fitowa gaba ko ya shige baya, a cike ratar da washa a ce ya yi. Fulin ƙasa shi ma akwai roba a tsakiyarsa. In ta tsufa, zoben waje yana iya zamewa ko ya riƙa lilo, ka tsaya daga gefe ka kalle shi a silo.

Aikin canjin kansa ba shi da wuya. Inji ya huce, a cire kan batir mai alamar (-), in biyu ne a cire duka. Ka ɗauki hoto da waya kafin a taɓa komai. Bel ɗin AC ne a gaba, shi zai fara fita: a sassauta notin tsakiyar ɗan fulin da ke ɗaure shi, sannan a kwance dogon notin. A altaneta a sassauta na ƙafa da na kulle kafin a taɓa na daidaitawa. Masu Marsandi 300D sun san wannan darasi, wanda ya murɗa na daidaitawa alhali sauran suna ɗaure, lanƙwasa ƙarfen zai yi. A tura altaneta ciki har ƙarshe, a zare tsofaffin ta kan fukafukan fanka ɗaya bayan ɗaya. Kafin a sa sababbi, a juya famfon ruwa da altaneta da hannu, a girgiza su. In akwai gurnani ko wasa, ko alamar ruwa ya taɓa tsiyaya ta ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon, yanzu ne lokacin gyara. A goge gurabun da burushin waya. In baƙin mai yana yoyo daga sil ɗin karanshaf, a tare shi tukuna, mai yana kumbura roba ya lalata ta.

Na ciki ne yake fara shiga, sannan na waje, kuma da hannu. Abin da na fi tsana a wannan sana'a shi ne in ga an sa sukundireba an ɗana bel a bakin fuli, a ce wa direba ya ɗan taɓa makulli. Bel zai faɗa gurbi, kowa ya yi murna, amma zaruruwa biyu ko uku sun tsinke a ciki inda ido ba ya gani. Wannan bel ɗin zai miƙe fiye da ɗan'uwansa, ko ya riƙa kifewa a gurbi, kuɗin da ka kashe wajen neman masu dacewa ya tafi a banza. In altaneta tana ciki har ƙarshe kuma bel ya ƙi shiga da hannu, girman ne ba daidai ba. Bayan sun zauna, a ɗan juya su da hannu don sakin su biyun ya taru a ɓangare ɗaya, sannan a fara ɗaurewa.

Littafin Toyota da nauyin kilo 10 yake awo, a danna tsakiyar tazarar da ke tsakanin fuli biyu a ga nawa bel ya lotsa. In ba ka san yadda kilo 10 yake a babban yatsa ba, ka danna sikelin mai awon kaya sau biyu-uku, hannunka zai riƙe. A irin waɗannan injuna, wanda ya riga ya yi aiki yana lotsawa wajen santimita ɗaya, sabo kuma ƙasa da haka kaɗan, ainihin adadin na cikin littafin injinka. A wurin Toyota, sabo shi ne wanda bai kai minti biyar yana aiki a inji ba, daga nan ya shiga lissafin tsoho. Akwai ɗan ma'aunin Gates mai suna Krikit, kamar biro, yana yin ƙas in ya kai, wanda ya samu ya huta da kintace. Ko da me za ka auna, ka danna kowane bel shi kaɗai. Yawancin mutane yatsa ɗaya suke ɗorawa a kan duka biyun, sai mai taurin ya rufa wa sakakken asiri. In bambancin lotsawarsu ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu, ni ba na rufe bonet, sai na gano ko bel ne, ko gurbi, ko karkata. A ɗaure na kulle da na ƙafa, a sake aunawa, don ɗaure su yana ɗan sauya zaman. A tayar da inji minti goma zuwa sha biyar da fitilu da AC a kunne, a kashe, a sake dubawa. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku a ƙara leƙawa, a nan ne sabon bel yake gama zama.

Ƙarar safe da ka ambata, lokacin ne altaneta take mayar wa batir abin da sitata da hitar ɗumama inji suka ci, nauyi ya yi yawa, roba kuma da sanyi. Za a ba ka shawarar sabulu, ko kyandir, ko man birki. Duk suna kashe ƙarar na ɗan lokaci, man birki kuma yana kashe bel ɗin ma. In kana son sanin tushen ƙara, ka fesa ruwa kaɗan. In ta ƙaru, santsi ne, ɗauri ya yi kaɗan ko fuskar bel ta mutu. In ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, ka nemi karkata. In ba ta sauya ba, ka saurari boris. Don Allah kada ka sunkuya kan inji mai aiki da babbar riga ko carbi a hannu.

Shi kuwa bakaniken hanyar Funtuwa, ban ga laifinsa sosai ba, ya kai ka gida. Ni da na tsaya a wurin, zan zare ragowar wanda ya tsinke, in leƙa bayan fulin ƙasa don zaruruwa suna naɗewa a can su cinye sil, in duba wanda ya rage, in ce ka kashe AC ka tafi a hankali da shi kaɗai, idonka a kan allurar zafi. Bel ɗaya mai lafiya zai kai ka gari. In fitilar batir ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefe nan take, don in su biyun suka tafi famfon ruwa ya tsaya, kuma kan silinda na 1HZ ba ya yafe tafasa.

Tsohon naka a jefar. Wanda aka sa maka a hanya ya riga ya sha wahalar mutum biyu, ba zai yi abokin sabo ba, amma ka ajiye shi don ranar tsautsayi. In da hali ka sayi ɗauri biyu lokaci guda, ɗaya a inji, ɗaya a leda a ƙarƙashin kujera inda rana da mai ba sa kaiwa, a ɗaure kamar yadda suka zo, tare da sifanun da ke kwance altanetar motarka.